Gajeren Labari a Cikin Aji: A Ji Shi Tukuna Kafin a Feɗe Shi

 

An ce in yi magana a kan yadda ake koyar da gajeren labari a ajin adabi. Na san a zauren nan akwai waɗanda suka koyar da malaman da suka koyar da ni, saboda haka ina neman afuwa tun kafin in soma, ko da zan taka sawun wani. Magana ɗaya na zo da ita, gara kuma in ajiye ta a gabanku tun yanzu. Ɗalibanmu da yawa suna cin jarrabawa a kan labarin da ba su taɓa ji ba. Sun san jigonsa, sun san sunan babban tauraro, sun haddace karin magana biyu ko uku da ke ciki, amma labarin kansa, tun daga kalmar farko har ta ƙarshe, bai taɓa ratsa kunnensu ba. Laifin kuwa namu ya fi nasu yawa.

Ku tuna yadda darasin yake tafiya. Malam ya shigo, ya share allo, ya rubuta sunan labari da na marubuci. A ƙasa ya jera: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo da sarrafa harshe, taurari. Ya fara shifta, yara suna kwafa. In a babbar makaranta ne ma ba sai an wahala da shifta ba, akwai handawut a shagunan fotokwafi na Samaru, wani an daɗe ana juya shi har haruffan sun dushe. Ranar jarrabawa ɗalibi ya rubuta cewa jigon labarin faɗakarwa ne, marubucin ya yi amfani da sassauƙar Hausa da karin magana, babban tauraro kuwa mutum ne mai haƙuri. Ya kwashi makinsa ya tafi. To, wannan amsa da za ka goge sunan labarin ka sa na wani, za ta zauna daram. Ni kuwa in amsa ta dace da kowane labari, ban ga abin da ta faɗa a kan wanda aka tambaya ba.

Kada a ce na raina waɗannan kalmomi. Manyanmu a nan Zariya da Kano da Sakkwato sun sha wuya kafin su samar mana da Hausar yin nazari, har muka daina aron bakin wasu muna cin albasa. Duk wanda ya karanta aikin Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a kan gadon feɗe waƙa ya san irin gumin da aka zubar. Ƙorafina a kan lokacin da muke fito da kayan aikin ne. Mahauci ba ya soma fiɗa sai dabba tana kwance a gabansa. Mu kuwa mun kasa nama kashi biyar, mun sa wa kowane kashi suna, alhali a ajin babu wanda ya ga akuyar.

Mu mutanen Zariya ya kamata abin ya fi damun mu, domin a garin nan aka raini rubutaccen gajeren labari na Hausar boko, kuma saboda aji aka raine shi. Hukumar Fassara da aka kafa a 1929 ta dawo Zariya a farkon shekarun 1930, ta zama Hukumar Talifi a hannun Rupert East. Gasar rubuta littattafai da hukumar ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da sauran 'yan'uwansu. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina inda yake koyarwa, ya zo ya yi wata shida a Zariya. East ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turai, aka ce a samar wa yaran makaranta abin karantawa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, sai hukumar adabi ta NORLA a shekarun 1950, sai kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Daga inda muke zaune zuwa duk wuraren nan, kuɗin mota ɗaya ne ko biyu.

Malami ne ke nan ya rubuta, kuma don 'yan makaranta. Wannan gado ya bar mana wata ɗabi'a: mun tashi da tunanin cewa kowane labari an yi shi ne don a koya wa yaro hali, aikin mai nazari kuwa shi ne ya tono halin ya rubuta a jimla ɗaya. Amma a dubi yadda Imam ya gina littafi na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, waziri yana ƙulla yadda za a fitar da ɗan sarki Musa daga gida a hallaka shi, wanda zai tsare shi kuwa aku ne, ba takobi ba dakaru. Labari kaɗai gare shi. Duk lokacin da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya riƙe shi da labari har lokacin ya wuce. Da labari ɗaya zai gundure shi ya miƙe, da zance ya ƙare. Wato a cikin littafin kansa, aikin farko da aka ɗora wa labari shi ne ya zaunar da mai saurare. Tsohuwar dabara ce, tana cikin labaran aku na Indiya da Farisa, tana cikin Dare Dubu da Ɗaya. Hikima da gargaɗi suna nan a ciki, ba mai musu, amma sai wanda ya zauna yake jin su. Abin mamaki, littafin da aka gina a kan riƙe mai saurare shi muke koyarwa yara suna hamma.

Ga kuma wata dama da gajeren labari ya ba malami wadda sauran rubutun zube bai ba shi ba. Wani marubucin Amurka, Edgar Allan Poe, ya yi bayani tun 1842 cewa irin wannan labari shi ne wanda ake karance shi a zama ɗaya, kuma duk jimlolinsa manufa guda suke yi wa aiki. Littafi irin Shaihu Umar ko Jiki Magayi dole ka ce a je a karanta a gida, ka kuma san yadda za a yi: wani ba shi da littafin, wata tana komawa talla ko girki ke jiran ta, wani gidansu ba wuta. Labari mai kalma 1,500 kuwa, minti 12 zuwa 15 sun isa a karanta shi da murya a tsanake. Darasin sakandare minti 40 ne. Ka ga an bar maka kusan minti 25 na magana, kuma duk wanda ke ajin ya ji abu ɗaya a lokaci ɗaya, ba mai cewa bai samu ya duba ba.

Karatun farko malami ne ya kamata ya yi da bakinsa, ya kuma gwada shi a gida kafin ya zo. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, mai karatu ne yake cika su daga kansa. Yaron da bai saba ba zai yi ta tuntuɓe, ya karanta tambaya kamar umarni, ya haɗiye wurin dariya bai sani ba. Malaman Sabon Gari sun fi ni sanin wannan. Unguwa ce da jirgin ƙasa ya tara wa mutane, a benci ɗaya za ka sami ɗan Bayarabe da ɗan Ibo da ɗan kudancin Kaduna, Hausa a bakinsu kamar ta kowa, amma ƙa da ɗa da ɓa a kan takarda baƙi ne a wurinsu. Har da 'ya'yanmu na cikin gida da muka kai makarantun kuɗi, waɗanda suke karanta Turanci a guje su zo Hausa suna rarrafe. Duk waɗannan in suka ji labarin daga bakin wanda ya iya, sun shiga ciki. A karatu na biyu sai a raba musu muryoyin mutanen labarin.

Bari in gwada da ku, kada in yi ta faɗar abin da ban nuna ba. Na rubuta ɗan guntun labari saboda wannan zama, don dai mu sami abin taɓawa. Ku ajiye biro.

Ilu ya sauke keken ɗinkin daga kan amalanke a bakin rumfar Alhaji, cikin kasuwar Sabon Gari. Hular da ke kansa ta yi masa yawa, jim kaɗan sai ya tura ta baya.

"Na wane ne?"

"Na Inna ne. Ta ce a gaishe ka. Ta ce ba ta fita."

Alhaji ya dubi hular, ya dubi yaron. Ya juya hannun keken ya saurara, ya sake juyawa. Ya taya. Ilu ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Suka daidaita a tsakiya.

Da Alhaji ya jawo durowar keken, sai ga farar rigar makaranta a ninke, da allura soke a wuyanta. Ya ɗan jima riƙe da ita, sannan ya miƙa wa yaron.

"Wannan ba ta cikin ciniki."

A motar Samaru Ilu ya warware rigar a kan cinyarsa. Hannu ɗaya aka haɗa. Ya mayar da ita yadda take, ya dafe aljihun da kuɗin suke, ya ce wa kwandasta akwai sauka.

Iyakarsa ke nan. Yanzu da zan tambaye ku jigo, da baki ɗaya za ku ce talauci, ni ma in ce madalla, mu tashi. Kalma ɗaya ta rufe labarin. Saboda haka ba da ita nake farawa ba. Tambayata ta farko ita ce: me kuka gani? Wani zai ce keke, wata ta ce riga. Can daga baya wani zai ce hula. Sai in ce, hular wa ce? A nan ajin yakan yi shiru na ɗan lokaci, kuma ina roƙon malamai su jure wa wannan shiru, kada su yi saurin cike shi da amsa. Za a sami wanda zai ce ta babansa ce. To, me ya sa yaro zai sa hular babansa ya zo kasuwa? Me ya sa Inna ba ta fita? Wani zai ce matar kulle ce. Wata yarinya za ta ce a'a, takaba take yi. In ka tambaye ta ina ta gani, za ta ce ai Alhaji ya dubi hular kafin ya dubi yaron, ya gane ta. Kalmar mutuwa ba ta fito ko sau ɗaya a labarin ba, amma ga aji ya gano an yi rasuwa a gidan, kuma ba a yi wata huɗu da kwana goma ba tukuna. Ku dubi fuskar yarinyar da ta gano wannan. Ba za ta manta da darasin ba, domin ita ta tono, ba a shifta ta samu ba.

Daga nan sai rigar. Mantawa Inna ta yi da ita, ko da gangan ta bari? Nan ne gardama take kaurewa. Wani ya ce ta bari ne don Alhaji ya ji tausayi ya ƙara kuɗi. Wata ta ce macen da ta soke allura a wuyan riga da niyyar dawowa ta ajiye, abin ne ya zo mata ba shiri. Wani ya ce ƙila ba ta iya buɗe durowar ba ne, don ta san abin da ke ciki. Rigar ma ta wa ce, ta Ilu ko ta ƙaninsa? Labarin bai faɗa ba. Ba ni da amsar da na ɓoye a aljihu, kuma ina gaya wa ɗalibai haka. Doka ɗaya ce kawai a ajina: duk ra'ayin da ka kawo, nuna mini a ina. Sa yatsa a kan layin. Wanda ya ce Inna muguwa ce ta tura yaro shi kaɗai, sai ya nemo layin da zai tsaya masa, in babu ya janye. Da wannan doka ake raba nazari da hirar bakin titi.

Alhaji fa, mutumin kirki ne? Ya ga hular, ya gane, amma bai fasa tayawa ƙasa ba, bai kuma ƙara ko sisi a kan abin da suka daidaita ba. Sai dai ya mayar da rigar da ba wanda ya tambaye shi. Ɗalibanmu suna son a raba musu mutane gida biyu, nagari da mugaye, don haka finafinai da yawancin littattafan da suke karantawa suka saba musu. Alhaji ya ƙi shiga ko ɗaya, kamar yadda yawancin mutanen da suke ciniki da su a kasuwar nan ba za su shiga ba. Minti biyar da aka yi ana jayayya a kan Alhaji sun fi shafi guda na bayanin taurari amfani.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda na fi so: me ya sa labarin ya tsaya a mota? Da yawa za su ce bai ƙare ba. Suna so a ce Ilu ya girma ya zama likita, ya saya wa Inna sabon keke, Alhaji kuma ya tsufa ya zo asibitinsa. Kada malami ya yi musu dariya. Ya ce su rubuta wannan ƙarshen, a karanta duka biyun a jere, su faɗi wanne ya fi zama a rai bayan an tashi. Wasu za su tsaya a kan nasu, ba laifi. Amma sun fara gane cewa tsayawa ma zaɓi ne da marubuci yake yi, kuma a gajeren labari abin da aka bari ba a faɗa ba yana da nauyi daidai da abin da aka faɗa.

Sai a minti biyar na ƙarshe nake komawa allo. In ce musu, gardamar da kuka yi a kan inda aka fara da inda aka tsaya, ita ake kira zubi da tsari. Hular da ta yi magana ba tare da an yi bayani ba, da gajerun jimlolin cinikin, salo ke nan. Yanzu ku ba ni jigo, amma ban yarda da kalma ɗaya ba, cikakkiyar jimla nake so. Sai ka ji wani ya ce: labarin yana nuna yadda rasuwar uba take sa a sayar da abin da ake neman abinci da shi don a ci na yau. Wata ta ce: yana nuna yaron da aka ɗora wa girma kafin lokacinsa. Duka biyun sun fi "talauci" nesa ba kusa ba, kuma kalmomin nazarin sun sauka a kan abin da yaran suka riga suka riƙe.

Haka za a yi wa labaran Imam. A ɗauki na Kalala da Kalalatu. Kalala ya kawo kaji a gyara saboda baƙo, matarsa Kalalatu ta cinye, sai ta shirya ƙarya biyu: ta gaya wa baƙo cewa wuƙar da ake wasawa saboda shi ake wasa ta, ta gaya wa miji cewa baƙo ya sure kajin ya gudu. Ga mai gida a guje da wuƙa yana roƙon a bar masa ko guda, ga baƙo yana ƙara mai domin abin da ya fahimta daban ne. In ka tambayi aji darasin da ke ciki, za su ce kwaɗayi ba kyau, su yi shiru. Amma tambaye su: me ya sa muke dariya? Wa ya san me? Kalala ya san rabi, baƙo ya san rabi, mu da Kalalatu kaɗai muka san duka. Dariyar daga nan take fitowa, kuma yaron da ya gane haka ya gane wata babbar dabara ta ginin labari da zai riƙa cin karo da ita har a wasan kwaikwayo.

Ga ɗaliban jami'a akwai ƙari. Wannan labari yana da ɗan'uwa a tarin tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan biyu, Grimm, tarin da ya fara fitowa a 1812. A can macen kuku ce mai yi wa maigidanta aiki, har giya take kurɓa tana jiran baƙo. A ajiye biyun gefe da gefe. Me ya sa kuku ta koma matar aure da ta zo ƙasar Hausa? Giyar ta biyo ta ko an bar ta a hanya? Me aka ƙara wanda Bajamushe ba zai gane ba? Na sha jin ɗalibi ya gano irin wannan kamanni ya zo yana haki, wai ya kama Imam da sata. Ina ce masa ya zauna ya lissafa abin da aka canja tukuna. Kafin ya kai ƙarshen lissafin yakan sauko, domin a wurin canjin ne gwanintar take, kuma Imam bai taɓa ɓoye cewa an tara masa littattafai ba.

Na san abin da ke ran wasu malamai: wannan duk daɗin baki ne, aji mai mutum ɗari fa, ba littafi, ga jarrabawar WAEC da NECO tana tafe? Gaskiya ne, ba kuma zan ce ina da maganin cunkoso ba. Amma gajeren labari shi ne ya fi sauƙin kai wa irin wannan aji. Takarda ɗaya gaba da baya ta ɗauke shi, mutum uku su duba guda. In babu kuɗin fotokwafi, muryar malami kyauta ce. A manyan makarantu kuwa a tura shi ta WhatsApp, tunda wayar tana hannunsu ko mun so ko mun ƙi. Gardamar ma ana iya yin ta benci-benci, kowane benci ya fitar da mai magana ɗaya. Batun jarrabawa kuwa, ban taɓa ganin yaron da ya san labari da gaske ya kasa rubuta jigonsa ba. Wanda ya haddace ne yake rikicewa da zarar an juya tambayar.

Wane labari za a kai aji? Imam dole ne, amma kada a tsaya a kansa kamar an rufe ƙofa a 1939. A kawo tatsuniya ma, daga tarin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, ko na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, ko daga bakin yaran kansu, don su ga bambanci. Gizo na yau shi ne Gizo na gobe, ba ya canjawa, kuma da an ce ƙurunƙus an rufe. Gajeren labari na zamani yakan kama mutum ne daidai lokacin da wani abu yake juyawa a rayuwarsa, ya sake shi kafin a ga ƙarshen juyin. Tun daga shekarun 1980 kasuwar littafi ta Kano ta fi karkata ga dogon labari mai na ɗaya da na biyu da na uku, saboda shi ke kawo ciniki, gajere kuwa ya laɓe a shafukan jaridu da mujallu. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta dawo masa da martaba. Labarin da ya fara cin gasar, Sansanin 'Yan Gudun Hijira na Aisha Muhammad Sabitu, a kan abin da yaranmu suke ji a labarai kullum yake magana. Ana karanta waɗannan labarai a rediyo, tsawonsu kuma daidai darasi ɗaya.

Ba duka ne suka nuna ba, kuma wannan ma abin koyarwa ne. Da yawa daga sababbin labaran da ke yawo a waya kuka ya yi musu yawa, marubucin kuma ba ya yarda da mai karatu, sai ya tsaya a ƙarshe ya yi wa'azi na sakin layi guda. Ka kai irin wannan aji ka ce: in an ba ka almakashi, daga ina za ka yanke? Ɗalibin da bai taɓa jin an ba shi izinin ganin aibin abin da aka buga ba, ranar zai fara zama manazarci. Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Labaran yanzu suna taɓa fyaɗe da auren dole da shaye-shaye da garkuwa da mutane. Mai yiwuwa a benci na uku akwai wadda abin yake faruwa a gidansu. Malami ya san ajinsa, kada ya nuna yaro da yatsa ya ce faɗi ra'ayinka a kan irin wannan, ya bar mai so ya ɗaga hannu.

Rubutu kuma yana cikin koyarwar, ko da ba marubuta muke son yayewa ba. Aikin da nake bayarwa ƙarami ne: kalma 300 a kan abu ɗaya da ka gani da idonka tsakanin ƙofar makaranta da kasuwa. Sharaɗi biyu. Ba a yarda ka rubuta baƙin ciki ko tausayi ko farin ciki ba, sai dai ka nuna abin da hannu ko ido ko ƙafa suka yi. Ba a kuma yarda ka rufe da karin magana ba. Za su yi ƙorafi, wai an ɗaure su. Amma wanda ya yi fama da yadda zai nuna tsohuwa ta ji kunya a wurin mai awo ba tare da ya ce ta ji kunya ba, in ya koma kan Imam da wani ido zai karanta shi.

Roƙona na ƙarshe ga masu tsara tambayoyi ne, na san kuma akwai su a nan. A riƙa buga ɗan labari mai shafi ɗaya wanda ɗalibi bai taɓa gani ba a cikin takardar jarrabawa, a yi tambaya uku a kansa, kowace amsa a ce sai da hujja daga cikin labarin. Ranar da aka fara haka, handawut ya rage daraja, malami kuma dole ya koya wa yara karatu da idonsu. Manyan hukumomin jarrabawa sai a hankali, ba a juya su a rana ɗaya. Amma gwajin tsakiyar zango a hannunmu yake, ba sai mun nemi izinin kowa ba.